Ranar da Na Yi wa Kakana Tafinta a Gonar Rogo

Ƙaurin gashin tsuntsu a wuta ba ya ɓuya. Shekaranjiya na bi ta layin masu kaji a Kasuwar Bodija, wani mutum yana babbake zabo a kan garwashi, hayaƙin ya bugi hancina, sai na tsaya cak kamar wanda aka kira da sunan yarinta. Masu dako suna ta ce mini in ba da hanya, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi. Bari in ba ka labarin inda ya je.

A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife ni, a gidan kakana na wajen uba. Fataucin goro yake yi. Zaurenmu kullum cike yake da huhuna da ɗanyen ganyen naɗi, in ka shigo daga rana sanyin wurin da ƙamshinsa su ne za su fara yi maka maraba. Amma goro abin ci da iyali ne kawai a wurinsa, ransa yana daji. Ɗan maharba ne, daga Arewa ya gangaro tun yana saurayi, ya taho da adakar mahaifinsa, doguwar bindigar toka wadda ta fi ni tsawo har na kai shekara goma. A saman gadonsa take rataye. Kakata takan ce da bindigar tana iya tuƙa tuwo da tuni an sallame ta.

Duk ranar Asabar, in kawuna zai fita da motar ɗaukar goro zuwa ƙauyuka, kaka yakan hau, a sauke shi bayan an wuce Ojoo, a kan hanyar Akinyele, da azahar a biyo a ɗauke shi. Shekara biyu na yi ina bin sa da danƙona da jakar fata. A wancan lokacin, da ka bar Ojoo kaɗan gari ya ƙare. Sai gonakin koko masu duhu, da rogo, da masara, da bishiyoyin kwakwar manja tsaye cirko-cirko. A bakin hanya muke tafiya, domin da sassafe fakara da kurciya da hasbiya sukan fito tsintar hatsin da ya zube daga motoci.

Kaka ba ya zaunar da mutum ya yi masa karatu. Muna tafe yake jefo magana, in ka tsinta taka ce. Wata rana na tsallaka lambatu zan ɗauko kurciyar da na kayar, ya damƙo wuyan rigata ya ce hanya ta kowa ce, amma taku ɗaya bayan lambatu gumin wani ne, sai da sallama. Muka tsaya muna rafka sallama har mai gonar ya fito, ni na roƙe shi da Yarabanci, shi ya ɗauko mana da hannunsa. In mun samu da yawa, kaka yakan rataye ɗaya a bukkar gonar da ta fi kusa, ko da ba kowa, ya ce hatsin mai ita ne ya yi wa tsuntsun ƙiba. Ba ya harbin tsuntsu a sheƙa, ba ya harbin mai shan ruwa. Abin da ya fi nanatawa kuwa, har na gaji da ji, shi ne: “Kada ka dubi tsuntsu, dubi abin da ke bayansa.”

Shekarar da nake ba ka labari yaƙin basasa ya shekara guda. Motocin soja suna wucewa ta gefen unguwarmu, manya suna kewaye rediyo bayan la'asar. A ƙauyuka kuma manoma sun fara gunaguni a kan haraji da faɗuwar kuɗin koko, duk baƙuwar fuska kallon ɗan leƙen asirin masu karɓar haraji ake yi mata. Babana ya roƙi kaka ya ajiye farauta har ƙura ta lafa. Kaka ya ce shekara talatin yana bin hanyar nan, ko karnukanta sun san warinsa. Daga nan ya juyo ya dube ni ya ce, “Aboki, Asabar ɗin nan kai za ka ja kunama.”

Kwana uku na yi ina tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na gaya wa duk yaran layinmu, har da waɗanda ba ma shiri. Na auna sanda kamar bindiga a kan kajin maƙwabta sau ba adadi.

Lokacin ɗan tsagaitawar ruwan nan ne na tsakiyar damina, an cire masarar fari ana shirin shuka ta biyu. Mun fita bayan sallar asuba, bindiga a naɗe cikin tabarma ƙarƙashin kwanduna. A shingen sojoji na Ojoo kaka ya nuna takardar izinin bindigarsa, ya miƙa wa sojojin goro, ɗaya daga cikinsu ɗan Arewa ya ce, “Baba, a ajiye mana cinya.” Da aka sauke mu gari ya fara haske, raɓa ta jiƙa ciyawa sharaf, ƙasa tana ƙamshi, can cikin gonaki fakara suna ta kiran juna da muryarsu mai kama da goga ƙarfe a kan dutse.

Kaka ya ɗura bindiga a gabana a hankali: albarushi, tsumma, ƙananan dalma, wani tsumman, ya danna da sanda. Ba mu yi nisa ba ya dafa kafaɗata. Fakara uku ne a tsakiyar hanya suna tsattsaga. Bayansu ba komai sai gangaren jar ƙasa. Ya ɗora mini gindin bindiga a kafaɗa, ya tallafi bakinta da tafinsa, ya raɗa mini, “Me ke baya?” Na ce ƙasa. Ya ce, “Yi bisimilla.”

Ban ji ƙarar ba, naushin na ji. Na tsinci kaina zaune a kan ciyawa, farin hayaƙi ya rufe mini ido, kunnena yana kuwwa. Da hayaƙin ya yaye sai ga ɗaya tana birgima. Na tashi da gudu ina ihu, na manta da wuƙa, na dawo na karɓa, na koma. Kaka ya riƙe mini fukafukai na yanka. Ɗuminta a tafina, da nauyinta, da ɗigon zanen ƙirjinta, har yau ban manta ba. Kaka yana dariya har ana ganin jajayen haƙoransa, ya ce to yanzu na isa a fara nema mini mata, in bar masa tasa.

Da a nan muka tsaya da labarin bai kai in ba ka ba.

Ya sake ɗuri, muka ci gaba. Hantsi ya ɗan ɗaga sai ya ce in riƙe bindigar, bakinta sama, zai kewaya bayan wata kuka ya kama ruwa. Bai daɗe da ɓacewa ba na ji kukan zabi. Na waiga, ga su nan sun fi goma, sun tsallaka hanya a jere sun shiga wata gonar rogo. Zabi fa, ba fakara ba! Na hango kaina ina shiga Sabo da zabo a kowane hannu, mata suna leƙowa ta katanga. Ban san lokacin da na tsallake lambatu ba. Na durƙusa, na ɗora bakin bindiga a kan wani kututture, na ja.

Biyu suka faɗi. Amma tare da ƙarar na ji wani “kwararam”, sai kuma ihun mace.

Wata dattijuwa ce ta miƙe daga cikin rogon, taku kaɗan bayan inda zabin suke. A sunkuye take tana cire ciyawa, ganye ya rufe ta. Babban daronta na ƙarfe da ta jingine a gefenta shi ya tare dalmar. Ta ɗora hannu biyu a ka tana kururuwa, ni kuwa na sandare da bindiga tana hayaƙi a hannuna. Kaka ya iso da gudun da ban taɓa sanin yana da shi ba. Ya fara duban matar daga sama har ƙasa, da ya ga ba jini ya ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ya zare wuƙa ya yanka zabin kafin su mutu. A nan na ga jan zare ɗaure a ƙafar kowannensu. Na gida ne.

Kafin ka ce kwabo mutane sun fito ta kowace kusurwa, ban san gonakin nan suna da jama'a haka ba. Samari da adduna, biyu da bindigogi irin tamu. Suka zagaye mu, kowa yana magana lokaci ɗaya. Ina jin abin da suke cewa sarai, domin Yarabanci a bakina yake kamar Hausa. Wani ya ce 'yan Sabo sun raina su. Wani ya ce wata uku da suka wuce wasu masu mota sun harbe masa akuya sun gudu. Wani ya ce wa ya sani ko aiko mu aka yi mu ƙirga gonaki. Sai aka dare, wani tsoho siriri mai tsage a kumatu ya shigo, da fartanya a kafaɗa. Shi ne mai gonar, matar kuma uwargidansa ce.

Kaka duk daɗewarsa a Ibadan Yarabancinsa bai wuce na gaisuwa da cinikin goro ba. Ya ajiye bindiga a ƙasa, ya durƙusa, ya ce mini, “Gaya masa jikana ne ya yi harbin. Cikin gonarsa ya shiga ba sallama. Laifina ne da na bar masa ita a ɗure. Duk abin da ya yanke mun ɗauka.”

Na dubi addunan nan. Na dubi idon samarin. Na ce a raina kaka bai san mutanen nan ba, in aka amsa laifi kashinmu ya bushe, ni da na yi makarantar boko bari in gyara maganar. Sai na ɗaga murya na ce da Yarabanci, “Kakana ya ce zabin a kan hanya suke sa'ad da aka harbe su, hanya kuwa ta gwamnati ce.”

Da na nemi kalmar da ta fi kowace muni a shekarar nan da gangan, da ban samu wadda ta kai “gwamnati” ba. Wuri ya kaure. Wani saurayi ya fizge bindigarmu daga ƙasa, wani ya shaƙo wuyan rigata har maɓalli ya tsinke, wani ya ɗaga adda yana nuna kaka. Kaka yana ta dubana yana tambaya, “Me ya faru? Me ka ce musu?”

Tsohon ya ɗaga hannu. Sai da aka yi tsit sannan ya dube ni, ya buɗe baki, da Hausa tatacciya wadda ta fi tawa daɗi ya ce, “Yaro, ba haka kakanka ya ce ba.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ashe ya yi shekaru masu yawa yana ɗinki a wani garin jirgin ƙasa a Arewa, sai da abubuwa suka rikice kafin yaƙi ya kwaso iyalinsa ya dawo gonar ubansa. Ya juya wajen kaka ya ce, “Malam, tashi, girmanka ya wuce durƙuso a gabana. Na san ka. Kai ne mai rataye mini tsuntsu a bukka, sau biyu ina tararwa.” Sannan ya maimaita masa abin da na faɗa, kalma bayan kalma.

Kaka bai mare ni ba, da ma ya mara. Ya dube ni dubawar da ta fi bulala, ya ce a hankali, “Harbin kuskure ne. Wannan fa?” Ya nuna taron da haɓarsa. “Da bakin da ka ɓata za ka gyara. Faɗi da ƙarfi, kowa ya ji.”

Na faɗa. Majina da hawaye sun haɗu, na ce ni na tsallaka, ni na harba, ban duba baya ba, kuma maganar hanya ƙaryata ce, kakana bai faɗe ta ba. Wani saurayi ya ce sai na kwanta rub da ciki yadda 'ya'yansu suke yi wa manya. Tsohon ya ce durƙuso irin na gidanmu ya isa. Na ja gwiwa har gaban dattijuwar na ce, “Iya, ki yafe mini.” Ta ɗauki daron ta ɗaga shi sama, rana ta ɓullo ta huji biyar. Ta daɗe tana kallo. Sai ta kama kunnena ta murɗe shi da hannun mai noma har na ga taurari, ta saki, ta ce in tashi in ɗebo mata itace, tunda na harbe mata zabi ai sai a dafa.

Dariya ta fara daga bayan taro. Wanda ya shaƙe ni ya tsinto mini maɓallina.

Amma shari'a ba ta ƙare ba. Kaka ya ce zai kawo sabon daro, aka karɓa. Ya kawo zancen zabin, tsohon ya girgiza kai ya ce, “Ba na sayar da abin da za mu ci tare. Ga dai hukuncina. Bindiga za ta zauna a bukkata. Jibi zan shuka masara, aparo kuwa, fakararku ke nan, tona iri suke yi kafin ya tsiro. Yaron nan tunda yana son tsuntsu, ya zo ya tsare mini gona har ta fito ta yi ganye huɗu. Ranar nan ku ɗauki abarku.” Kaka ya ce ya yi adalci. A inuwar bukka muka ci amala da miyar zabo mai barkonon da ya sa ni sabon hawaye, tsofaffin biyu suna hirar garuruwan da kowannensu ya baro.

A gida babata ta ce ba inda zan koma. Babana ya dubi kaka, kaka ya ce an riga an yi magana a gaban mutane. Shi ke nan.

Hukuncin nan kuwa, in gaya maka gaskiya, shi ne hutu mafi daɗi da na taɓa yi. Makaranta tana rufe, kullum kawu yakan sauke ni da sassafe. Ɗan autan tsohon, wanda ya girme ni kaɗan, shi ne abokin aikina. Muka ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan muka rataya gwangwanaye, in ka ja ɗaya gona duka ta ɗauki kara. Ya koya mini yadda ake haɗa tafi biyu a busa irin kukan aparo har namijin ya fito yana huci yana neman abokin faɗa. Ni na koya masa ɗana tarkon asuta da gashin wutsiyar doki da kaka ya samo mini. Ranar da muka kama huɗu a safiya ɗaya mun zagaye gonar da gudu muna ihu da harshe biyu, har Iya ta fito da muciya. Muka ci gasasshiyar masara da ɗanyar gyaɗa, ƙaiƙayin ciyawa ya farfasa mini ƙafa, na yi baƙi, na rame, ban taɓa jin ƙarfi irin na lokacin ba. Safiyar da na ga tsiron farko ya huda ƙasa, kore shar, layi-layi har ƙarshen gona, na yi tsalle kamar ni na shuka.

Ranar ganye huɗu kaka ya zo da sabon daro mai zanen furanni da ƙullin farin goro. Tsohon ya fito da bindigar, ya shafe ta da manja tana ƙyalli, ya ɗura da hannunsa, ya miƙo mini. Ya ce yau da izinin mai gona zan yi harbi. Muka laɓe a bakin kunya, ɗan autan ya busa, fakara biyu suka fito fili. Na auna. Sai na ɗago kai na duba bayansu. Na duba dama, na duba hagu, na miƙe tsaye na leƙa bayan wani suri, har na ɗaga murya na tambaya ko akwai mutum a wurin. Fakara suka tashi fir suka bar ni da bindiga a hannu. Tsofaffin nan suka yi dariya har kaka ya zauna a ƙasa yana tari, Iya tana share ido da bakin zane. Sai da hantsi ya yi sosai na sami wata, na kayar da ita harbi ɗaya, na kai wa Iya da hannu biyu.

Bayan 'yan watanni rikicin haraji ya ɓarke sosai a ƙauyukan, hanyar ta gagari baƙo, kaka ya rataye bindigarsa. Ko a lokacin tsohon yakan aiko mana da doya da masara ta hannun kawu, kaka ya mayar da goro. Da kaka ya rasu, bayan yaƙi da shekara biyu, tsohon ya zo Sabo da sandarsa, ya zauna a zaurenmu kwana uku ana yi masa gaisuwa kamar ɗan'uwa.

Yanzu in ka bar Ojoo ba ka sanin inda gari ya ƙare. Gidaje ne, da gidajen mai, da manyan motoci a jere, da shaguna har inda ido ya tsaya. An yanka gonakin fuloti-fuloti an sayar. Jikokina ba su taɓa jin kukan fakara ba, Yarabancinsu ya fi Hausarsu, ba mai buƙatar tafinta a cikinsu. Inda sauran gonaki suka rage kuwa, labarin da nake ji shi ne in manomi ya tarar da baƙo a cikin shukarsa ba a kaiwa ga tsayawa a ji ta bakin kowa.

Bara na sa ɗana ya kai ni wajen. Muka yi ta kai da kawowa, daga ƙarshe na tsaya a ƙofar wani wurin buga bulo da nake zaton nan ne. Mai gadi ya fito, mutumin kirki, ya ce wa nake nema, in faɗi sunan gidan ko zai gane zuriyarsu. Na buɗe baki, sai na tarar ban taɓa sanin sunan tsohon ba. Har muka rabu da shi, Baba kawai nake ce masa.